Haraji da Mizanin Talaka: PRP da NPN a Ƙasar Kano

Duk wanda ya bi hanyar Gwarzo daga birnin Kano ya ratsa Rimin Gado, inda gona ke manne da gona har ba a samun saurar da za a bari ta huta, zai fahimci dalilin da ya sa manomin wannan yanki, da ya tashi auna jam'iyyu bayan zaɓen 1979, ya fara ɗora haraji a kan mizani. Gyada, wadda a da ita ce ke biya wa magidanci harajinsa, ta riga ta durƙushe tun farin 1973 da annobar da ta faɗa mata a 1975, saboda haka idan dagaci ya aiko mai unguwa da kaka, sai mutum ya sayar da dawar da zai ci da iyalinsa a lokacin da take arha, ya sake sayenta da tsada da bazara, ko ya ci bashi, ko ya fita cin rani.

Da jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta ci jihar, aka rantsar da Muhammadu Abubakar Rimi ran 1 ga Oktoba 1979, ya soke haraji da jangali. Daga baya aka kafa hukumar yaƙi da jahilci, da jaridar Triumph, da gidan talabijin na jiha. Ita kuwa NPN, wadda ke hamayya a Kano alhali tana mulkin tarayya a ƙarƙashin Alhaji Shehu Shagari, ta zo da shirin bunƙasa noma da gina gidaje, amma takinta ta hannun masu uwa a gindin murhu yake bi kafin ya iso karkara, kuma labarin manoman Bakolori da aka harbe a 1980 a kan diyyar gonakinsu ya zame mata tabo a idon duk mai riƙe da fartanya.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi cewa kuɗin man fetur da ke zuwa daga Ikko su ne suka ba Rimi ikon yafe abin da En'e ta dogara da shi tun zamanin Turawa. A ganina illar da ba a hango ba ita ce, hukumar da ba ta bukatar kwabon talaka ba ta cika jin tilas ta saurare shi ba. Hakimai da dagatai kuma, da aka karɓe babban aikinsu, suka ƙullaci gwamnati, kuma wannan ƙullin yana daga cikin asasin fitinar 10 ga Yuli 1981, bayan takardar tuhumar da aka aika wa Sarki Ado Bayero, inda aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara.

Kafin nan ma PRP ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo. Malam ya rasu a Afrilun 1983, Rimi ya koma jam'iyyar NPP ya bar kujera ga mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa, ɗan maƙwabtan Rimin Gado, amma da aka je akwati jama'a suka bi Sabo Bakin Zuwo na PRP, suka ƙi wanda ya soke musu haraji, suka kuma ƙi NPN. Wata uku kacal Sabo ya yi a kan kujera, soja suka karɓe mulki ran 31 ga Disamba.