Kuɗinka a Hannu, Amma Kamar Roƙo Ka Je

Sai da ƙanena ya sayar da bijimin da ya shekara biyu yana kiwo, ya haɗa da kuɗin riɗi da na gyaɗa, sannan kuɗin babur suka cika. Ranar da za mu je saye, da sassafe muka bar Zadawa muka nufi Azare, kuɗin na ƙunshe cikin baƙar leda, ya ɗora su a cinya ya danne da hannu biyu har muka sauka.

Sau biyu muka yi sallama a shagon. Mai shagon na kishingiɗe, waya a kunne, ya ɗaga mana hannu bai ko dube mu ba. Yaronsa ne ya taso, ya fara da kallon ƙafafun ƙanena, ƙura har idon sawu, sannan ya ce, "Saye za ku yi ko tambaya?" Da aka faɗi farashi ƙanena ya ce, "Alhaji, a duba mana dai." Sai a lokacin Alhajin ya sauke waya. "Dala ce ta tashi. In ba ka shirya ba ka je ka dawo, gobe ma ba haka za ka same shi ba." Muka nemi a bar bakaniken da muka zo da shi ya tayar da injin ya saurara. Aka ce sabo ne dal daga kwali, ba a taɓawa sai an biya.

Na ga yadda fuskar ƙanena ta canza. Mutum ne mai iyali, mai gona, wanda a gida in ya yi magana ana saurare, ga shi tsaye gaban yaron da bai kai ɗansa na fari ba yana lallaɓa shi da kuɗinsa a hannu.

Abin da masu irin wannan shago ba sa tsayawa su duba shi ne wane ne ke sayen baburan nasu. A ƙasar Guddiri, da zarar ka sauka daga kwalta, yashi ne ke karɓarka. Da rani taya na nutsewa har sai ka sauke ƙafafu kana tuƙi kana tafiya, da damina kuma taɓo da zaizayar ruwa su cinye hanya. A irin wannan hanya babur ne motar asibiti, shi ne ke kai mai naƙuda Azare da tsakar dare, shi ke ɗauko taki, shi ke kai buhun gero kasuwa. Wanda ke hawansa kullum a kan rairayi ya fi mai shago sanin mashin nesa ba kusa ba. Da jin ƙara zai gaya maka sarƙa ta saki ko kuloci ya fara ci. Shi ya sa Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya ya karɓu a karkara, saboda doguwar kujera da jure kaya, kuma kowane bakanike na da kayan gyaransa. TVS da Haojue da Jincheng duk suna da masu son su, kowa da dalilinsa, kuma dalilan daga hanya aka samo su.

Mutane da yawa ba su san cewa babur ba a haɗe yake isowa shago ba. A kwali yake zuwa, sai yaran bakanike su ɗaura taya, su sa kan babur, su ja wayoyin birki da na kuloci, su zuba baƙin mai. Yawanci kuɗin haɗin a kan kowane babur ake biyansu, don haka sauri suke yi. Noti ɗaya da ba a ɗaure sosai ba, zai iya yin wata guda a titin gari bai nuna ba. A hanyarmu kwana uku ya ishe shi. Don haka mai saye da ya ce a bar bakanikensa ya duba, ba rainin hankali ya zo da shi ba, ransa da na wanda zai goya yake karewa.

Mun biya, don gaskiyar Alhajin ɗaya ce, farashin ba ya jira. Kwana goma bayan nan baƙin mai ya fara tsiyaya ta ƙasan inji, ga notin tayar baya da aka tarar ya kusa fita. Muka koma. Amsar ba ta da tsawo: "Kai ka kai shi yashi." Ya juya rasit ya nuna mana layin da ke cewa kayan da aka saya ba a dawowa da shi. To in ba yashi ba, ina mutumin Zadawa zai kai babur?

Girman kan nan yana da tushe. Tun da Kano ta hana acaba a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa tawagar Sarki Ado Bayero, sannan Legas ta hana a manyan unguwanninta a 2020 ta ƙara tsanantawa a 2022, matasa da yawa suka dawo gida, sana'ar ta ƙara komawa ƙananan garuruwa da ƙauyuka. Sai aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, darajar naira ta faɗi, babur ɗin da ake saye da 'yan ɗaruruwan dubbai ya haura miliyan. Masu jarin sauke babura kaɗan ne, masu buƙata ba adadi. Da yawa kuma ba da kuɗinsu suke saye ba, wani ne ke saya musu suna kai balas kullum, ko dillalin ne da kansa ke ba su bashi da riba mai nauyi. Wanda ake bi bashi ba ya ɗaga murya. A hankali mai shago ya saba da ganin kowa a matsayin mai neman alfarma, har wanda ya zo da kuɗinsa cif.

Ba na cewa duk laifin nasu ne. Na sha ganin buhu uku da mutum biyu a kan babur ɗaya, na ga wanda ke wata biyu bai juye baƙin mai ba, in inji ya buga ya zo yana rantsuwa. Shi ma dillalin yakan sayar yau, ya koma Kano gobe ya tarar kuɗin ba za su sake sayo masa irin adadin ba. Amma duk wannan bai hana amsa sallama ba.

Shi kuwa layin nan na kan rasit ba shi da ƙarfin da ake ba shi. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiki da ita, ta ba mai saye damar mayar da kayan da aka samu da lahani cikin wata uku, a gyara masa, ko a musanya, ko a mayar masa da kuɗinsa. Tun kafin dokar ma, duk wanda ya zauna a zaure ya karanta babin ciniki a Risala ya san hukuncin ɓoye aibi da damar mayar da kaya mai aibi. Alhajin nan ba ya rasa sahun gaba a masallaci, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo.

Ƙanena bai kai ƙara ko'ina ba. Bakaniken garinmu ya kwance babur ɗin ya sake ɗaure shi noti bayan noti, ya canza abin da ke yoyon, muka biya daga aljihu. Amma labarin ya zaga majalisa da tashar 'yan acaba. Bayan girbi, da maƙwabtanmu biyu suka tashi saye, wani dattijo suka nufa mai ƙaramin shago, babura biyar kacal a jere. Ya shimfiɗa musu tabarma, ya sa aka kawo ruwa, ya miƙa wa bakanikensu sifana da hannunsa ya ce ya duba son ransa. Ya karanta lambar inji da ta jikin babur da ƙarfi, suna bi a rasit. Da za su tafi ya ce bayan mako guda su dawo a sake ɗaure notuna, don ya san hanyar da za su bi.