Shaidar da ba ta da baki

Shaida iri-iri ce a kotu. Akwai shaidar baki, wato mutum ya tashi ya faɗi abin da ya gani ko abin da ya ji. Akwai kuma shaidar da ba ta da baki, kamar wuƙa, ko riga, ko takardar bashi, ko takardar sayen gona. Mutum ana iya yi mishi tambayoyi har a gane in ƙarya yake yi. Wuƙa kuwa ba ta amsa tambaya. Shi ya sa alƙali ba ya dogara da ita sai ya san inda aka samo ta, da wanda ya ɗauko ta, da hannuwan da ta bi kafin ta iso gabanshi.

Ga misali. An fasa shago da dare, aka kwashe turamen atamfa. Jandarmomi suka tafi bincike gidan wanda ake tuhuma. Ba su yin binciken su kaɗai. Sai a gaban mai gidan, in kuwa ba ya nan, a gaban wakilinshi ko shaidu biyu. In sun samu atamfa da ƙarfen fasa ƙofa, sai su rubuta kowane abu da wurin da aka gan shi. Daga nan su ɗaure kayan, su manna hatimi bisa ƙullin, su sa lamba. Magatakardan kotu shi ke ajiye su har ranar shari'a. In ranar ta zo aka tarar hatimi ya karye, wanda ake tuhuma yana da bakin magana: wa ya san ko wani ya musanya kayan a hanya?

Takarda ta fi wuyar sha'ani, don ana iya ƙirƙira ta. Dokar Nijar, wadda ta samo tushe daga ta Faransa, ta raba takardu gida biyu. Akwai wadda ma'aikacin hukuma ya rubuta bisa ƙa'ida, ya sa hannu, ya buga hatimi, kamar takardar haihuwa. Irin wannan kotu tana yarda da ita, sai fa in wani ya ce ta jabu ce kuma ya kawo hujja. Akwai kuma wadda mutane suka rubuta tsakaninsu, kamar takardar bashi. In wanda aka ce ya sa hannu ya musa, sai a gwada rubutun da wasu rubuce-rubucenshi. In yatsa ya dangwala, a gwada zanen yatsan, don zanen yatsun mutum biyu ba ya zama ɗaya. Rikicin gona ya yi yawa a karkara, shi ya sa dokar 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa masu ba da takardar shaidar saye, ko kyauta, ko gado.

Akwai wata ƙa'ida da ta fi duka nauyi. Alƙali ba ya yanke hukunci bisa abin da aka nuna mishi a ɓoye. Kowace shaida sai an kawo ta fili, ɓangarorin biyu sun gan ta, kowa ya faɗi abin da ya sani a kanta. Wata shari'a da aka yi a Faransa ta nuna abin da ke faruwa in aka taka wannan ƙa'ida.

A shekarar 1894, wata mai shara ta ɗauko wata yagaggar takarda cikin kwandon shara na ofishin jakadan Jamus a birnin Paris. Takardar ba ta da suna, ba ta da sa hannu, amma ta nuna akwai wani sojan Faransa da ke sayar da asirin ƙasarshi. Sai aka kama wani kyaftin mai suna Alfred Dreyfus, aka ce rubutunshi ne. Masanan rubutu ba su yi baki ɗaya ba: wasu suka ce nashi ne, wasu suka ce ba nashi ba ne. Dreyfus Bayahude ne, kuma a lokacin mutane da yawa suna ƙin Yahudawa, don haka suka yi saurin yarda. Da aka ga shaidar ba ta da ƙarfi, sai aka kai ma alƙalan soja wasu takardu a asirce. Dreyfus bai gan su ba, lauyanshi ma bai gan su ba. Aka yanke mishi ɗaurin rai da rai, aka kai shi Tsibirin Shaiɗan, can gaɓar Amurka ta Kudu.

A 1896 wani hafsa mai suna Picquart ya gano cewa rubutun na wani soja ne daban, mai suna Esterhazy. Maimakon a saki Dreyfus, sai wani hafsan, Henry, ya ƙirƙiro wata wasiƙa don a ƙara ɗaure shi. Shekara biyu wasiƙar tana aiki kamar ta gaskiya. A 1898 wani soja ya ɗaga ta gaban fitila, ya duba da kyau. Sai ya ga layukan tsakiyar takardar launinsu daban ne da na sama da na ƙasa. Ashe takardu biyu ne aka yanka aka liƙa. Henry ya amsa laifinshi.

Duk da haka ba a wanke Dreyfus nan da nan ba. Ya yi shekara 4 a tsibirin, aka dawo da shi a 1899, aka sake yi mishi shari'a, aka sake cewa yana da laifi, sannan shugaban ƙasa ya yi mishi afuwa. Sai a 1906 babbar kotun Faransa ta soke hukuncin, aka maida shi aikin soja, shekara 12 bayan an tsinci takardar cikin kwandon shara.