Me Ya Sa Alhaji Ke Isa Masauki Ya Tarar Ɗaki Bai Samu Ba?

Maniyyacin da ya fito daga wani ƙauye na ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi ya sha jira tun kafin ya taka ƙasa mai tsarki. Ya jira kiran jami'in alhazai na ƙaramar hukuma, ya kama hanyar Katsina, ya jira a sansanin alhazai, wani lokaci har da kwana. Daga nan sai filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa, sai tafiyar awa huɗu zuwa biyar a sararin sama, sai layin duba fasfo da ɗaukar hoton yatsu a filin jirgin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz da ke Madina. Duk wannan yakan shanye shi da murna, domin ya san inda ya dosa. Jiran da ke karya masa gwiwa shi ne na ƙarshe. Mota ta ajiye shi a ƙofar otal, ga Masallacin Manzon Allah (SAW) nan kusa, ƙafafu sun kumbura, barci ya cika ido, sai a ce a zauna tukuna, ɗaki bai samu ba.

A nan ake jin tsoho ya ɗaga murya: "Jami'i, ina makullinmu? Ba mun biya kuɗinmu ba?" Shi kuma jami'i ba shi da abin cewa sai "Baba, a ƙara haƙuri, ana gyarawa." Da yawa daga cikin alhazanmu sun ɗauki wannan zama a matsayin wulaƙanci. Akwai inda sakaci ke shiga ciki, zan zo kansa. Amma tushen abin lissafi ne: gadon da alhaji zai kwanta a kai yau, wani alhajin ne ya tashi daga kansa da safiyar nan.

Inda wannan lissafi ya fi fitowa fili shi ne a manyan jiragen ruwa na shaƙatawa, irin waɗanda ke ɗibar masu yawon buɗe ido su zaga da su teku na mako guda. Kakanninmu sun san jirgin ruwa a hanyar Hajji. Waɗanda suka tafi a ƙasa ta Chadi da Sudan, wasu suna shekaru a hanya suna noma da ƙodago, a tashar Sawakin suke jiran jirgin da zai tsallakar da su Bahar Maliya zuwa Jidda, kuma a can ake tsare su a killace saboda cututtuka. Su ba maganar ɗaki suke yi ba, wurin shimfiɗa tabarma ya ishe su. Jiragen yau kuwa gari ne sukutum. Wanda ake kira Icon of the Seas, da ya fara ɗaukar fasinja daga Mayami ta Amurka a watan Janairun 2024, yana da ɗakuna 2,805, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600, ban da ma'aikata 2,350. Abin ma ya matso kusa da mu, domin a watan Disambar 2024 Saudiyya ta ƙaddamar da nata jirgin mai suna Aroya daga tashar Jidda, mai ɗakuna sama da 1,600.

Irin wannan jirgi ba ya kwana a tasha babu fasinja, domin kowace awa da ya yi a tsaye asara ce. A rana ɗaya yake sauke mutanen makon jiya ya ɗebi na makon gobe. Yakan iso da sassafe. Ana roƙon fasinjoji su bar ɗakunansu wajen ƙarfe takwas, zuwa ƙarfe goma galibi kowa ya sauka, kuma ba a barin sabon fasinja ko ɗaya ya hau sai an tabbatar ba wanda ya rage a ciki daga tsoffin. Wajen ƙarfe sha ɗaya zuwa sha biyu sai a fara shigar da sababbi. To amma shiga jirgi daban, shiga ɗaki daban. A yawancin kamfanoni sai wajen ƙarfe ɗaya zuwa biyu na rana ake sanarwa a lasifika cewa ɗakuna sun samu. Kafin nan manyan ƙofofin da ke kaiwa layukan ɗakunan a rufe suke. Akwatunan da aka miƙa wa 'yan dako a bakin tasha kuwa, wasu sai da yamma ko bayan faɗuwar rana suke isowa ƙofar ɗaki.

A duba aikin da ke tsakanin takwas na safe da ɗaya na rana. Awa biyar minti 300 ke nan. Idan aka raba ɗakuna 2,805 a kan minti 300, dole a kammala fiye da ɗaki tara a kowane minti, ba tsayawa. Kowane ɗaki kuma sai an yaye zanen gado an shimfiɗa wankakke, an canja tawul, an wanke banɗaki, an share ƙasa, an duba ko wani ya manta da kaya a aljihun tebur, an haɗa gadaje ko an raba su yadda sabon fasinja ya nema. A layukan nan masu ƙunci ake tura amalanken ƙazantattun zannuwa da buhunan shara. Da za a saki mutum dubu bakwai cikinsu a lokacin, da aikin ya tsaya cak. Akwai kuma batun lafiya. Ƙwayar cutar amai da gudawa tana yaɗuwa da sauri a inda jama'a suka cunkushe suna taɓa marikin ƙofa ɗaya, don haka idan ta ɓulla a tafiyar da ta gabata, sai a ƙara awoyi ana feshi da goge-goge, a jinkirta shigar kowa. Tukunyar da aka tuƙa tuwon rana a ciki, sai an kankare ta kafin a ɗora na dare.

Abin da ya ja hankalina a tsarin nasu shi ne ba sa ɓoye wa fasinja wannan jira. Tun yana gidansa an ba shi lokacin da zai zo tasha, an gaya masa ƙarfe nawa ɗaki zai samu, an gargaɗe shi ya riƙe magungunansa da takardunsa da kayan canji a ƙaramar jaka. Da ya shiga, ɗakin cin abinci a buɗe yake, ga kujeru, ga banɗakuna. Akwai ma aikin da aka ɗora masa a wannan tsakani. Bayan haɗarin jirgin Costa Concordia a gaɓar Italiya cikin Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu, an tsaurara dokar teku ta duniya: tun daga 2015 wajibi ne a nuna wa fasinja wurin taruwarsa da yadda ake sa rigar ceto kafin jirgi ya tashi, ko da zarar ya tashi. Saboda haka awa biyun nan suna wucewa mutum bai ji su ba.

Mu dawo Madina. Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, wadda aka kafa da dokar 2006, ta jima tana kama wa alhazan Nijeriya masauki a unguwar Markaziyya, wato otal-otal ɗin da suka kewaye Harami. Wannan alheri ne babba ga tsofaffi, domin da ƙafa ake zuwa salla a dawo. Sai dai duk duniya can take so, gadajen kuma ƙididdigaggu ne. A 2023 Saudiyya ta ba Nijeriya kujeru 95,000, aka ware wa jihohi 75,000, sauran na kamfanonin jirgin yawo. Jigilar alhazai takan ɗauki kimanin wata guda. Idan ana son mutum 75,000 su ziyarci Madina cikin kwana 30, kowa ya yi kwana takwas kamar yadda aka saba a da, sai an riƙe gado 20,000 a kowane dare. Idan aka mayar da shi kwana biyar, gado 12,500 ya wadatar. Wannan matsin ne ya sa a watan Yunin 2023, ana tsakiyar jigila, hukumar ta sanar da rage zaman Madina zuwa kwana biyar bayan koke-koken cunkoso. Mutane da yawa ba su ji daɗi ba, musamman masu burin cika salloli arba'in a Masallacin Annabi, kuma wannan buri abin girmamawa ne, ko da yake malamai sun bayyana cewa ziyarar ba ta cikin rukunan Hajji. Amma wanda ya ƙara kwana ɗaya a kan gadon nan, wani ne daga jirgin baya zai kwana a kan kujera.

Ke nan otal ɗin Madina a lokacin Hajji yana aiki ne tamkar jirgin ruwan can, sai dai nasa ya fi wuya. Jirgin ruwa ya san ƙarfe nawa mutanensa za su sauka. Otal kuwa yana jiran motocin da za su kwashi tawagar da ke barin gari zuwa Makka, tafiyar fiye da kilomita 400. Motar ba ta tashi sai an ƙirga fasfo an ga ya yi daidai da mutanen da ke ciki. Alhaji ɗaya ya tafi sallama a Rauda bai dawo ba, ko Hajiya ta leƙa kasuwa sayen dabino, mota gaba ɗaya ta tsaya. Wasu kuma ba za su bar ɗaki ba sai sun yi wankan harama, tunda a Zul-Hulaifa za a ɗauki niyya. Duk wannan yana cin lokacin masu shara. A ɗaya gefen, jirgin sama ba ya bin agogon otal. A al'adar otal-otal na Makka da Madina, baƙo yakan fita da tsakar rana, sabo kuma ya karɓi ɗaki wajen la'asar. Jirgin da ya tashi daga Katsina da tsakar dare zai sauka da safe, ga shi agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu. Alhajin da ya iso ƙofar otal da hantsi ya riga ɗakinsa shiryawa da awoyi, ko da kowa ya yi aikinsa daidai.

Sai kuma rabon ɗakunan kansa. Mutum ɗari huɗu ko biyar ne suka sauka a jirgi guda, maza daban, mata daban, mutum huɗu ko fiye a ɗaki. Wannan yana son a haɗa shi da ɗan garinsu, waccan ba za ta rabu da surukarta ba, wani ba ya iya hawa bene, lif kuma guda nawa ne. Idan sai a harabar otal za a fara wannan rubutu, da biro da takarda, mutane na tsaye a kan jami'i, jiran awa biyu zai koma shida. Nan ne nake ganin laifin namu ne, babu ruwan mai otal.

A Makka abin ya fi sauƙi, domin hukumomin jihohi, har da Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Katsina, sukan kama gidaje ne na tsawon lokacin aikin gaba ɗaya, ba wanda ake jira ya tashi. Duk wani jinkiri da aka samu a can, na rabo ne kawai.

Ba na ganin za a iya kawar da jiran Madina ɗungurungum, sai dai in za a biya kuɗin gadon da zai kwana babu kowa, kuma kuɗin kujera ya riga ya yi wa manomi nauyi. Wanda ya sayar da shanu da amfanin gona ya biya miliyoyin naira bai kamata a ƙara masa ba. Abin da za a iya kawarwa shi ne jira cikin duhu. Tsohon da aka gaya wa tun a wurin bita cewa in jirgi ya sauka da safe ɗaki ba zai samu ba sai bayan azahar ko la'asar, zai yi alwala ya nufi Harami ya yi sallarsa ya dawo. Wanda ba a gaya wa komai ba kuwa zai ƙi motsawa daga bakin kanta, yana tsoron kada a raba makullai ba ya nan, ya ƙi cin abinci, ya riƙe fitsari. Mai ciwon sukari ko hawan jini a irin wannan hali yana cikin haɗari na gaske, balle a shekarun nan da Hajji ke faɗowa lokacin zafi. Malaman bita suna ƙoƙari wajen koyar da ɗawafi da sa'ayi da jifa. Minti goma kacal ake buƙata a ƙara, a yi bayanin ranar isa: ina za a zauna, ina banɗaki yake, wa zai tsare jakunkuna, ƙarfe nawa za a dawo karɓar makulli.

Shi ma maniyyaci akwai nasa. Maganin da yake sha kullum ya kasance a jakar hannu, tare da riga ɗaya ta canji, da cajar waya, da ɗan abin taɓawa irin su ƙuli-ƙuli ko biskit, da gorar ruwa da zai cika bayan an sauka. Kafin ya fita zuwa masallaci ya karɓi katin otal mai ɗauke da suna da lambar waya, domin gine-ginen Markaziyya kama suke da juna, kuma ɓatan ranar farko yawanci daga nan yake farawa. Ranar barin Madina kuma ya tuna cewa akwai ɗan'uwansa a ƙasa yana jiran gadon, ya haɗa kayansa tun dare, ya yi sallama da Rauda da wuri.

Aiki mafi girma dai yana hannun jami'ai, kuma ba sai an je Saudiyya ake yin sa ba. Jami'in alhazai na Dutsin-Ma ko na Kurfi ya san mutanensa tun ranar da suka fara ajiye kuɗi: ya san wa ke tafiya da mahaifiyarsa, wa ke dogara sanda, wa ke allurar sukari. Ana iya rubuta rukunin mutum huɗu-huɗu a wurin bita, kowa ya san abokan ɗakinsa da shugaban rukuninsa, a aika da jerin ta waya ga ma'aikatan masauki na Madina kafin jirgi ya tashi daga Katsina. Su kuma su jera makullai a ambulan da lambar rukuni, su sa alama a kan na marasa lafiya da masu yawan shekaru, domin ɗakunan da aka fara gyarawa su tafi gare su.