Abin da ya ci giwa ya shiga teku

A 1979 an ƙiyasta giwayen Afirka sun kai miliyan 1.3. Kafin 1989, shekarar da ƙasashen duniya suka haramta cinikin haure tsakaninsu, sun koma wajen dubu 600. Mafarauci ya harbe toron giwa, ya sare haure, ya bar wa ungulu sauran. Wannan ɓarnar dai an gan ta, gawa tana kwance a fili, wari ya kai gari.

Irin wannan ta'asa ake yi wa kifin shak mai kan guduma yanzu, sai dai ruwa yana rufa mata asiri. Fiffikensa ake so. A yanke, a shanya, a yi lodi zuwa Hong Kong, inda ake miyarsa a manyan bukukuwa. Wasu jiragen ma ba sa wahalar da kansu da naman: su yanke fiffiken, su jefa kifin da ransa, ya nutse ya mutu.

Masunta, ku daina yi masa lissafin tarwaɗa. Tarwaɗa tana zuba ƙwai dubbai, shi kuwa haihuwa yake yi, bayan ciki na wata tara zuwa shekara, kuma macen sai ta haura shekara goma kafin ta fara. Giwa tana ɗaukar ciki wata 22; akwai wani ƙaramin shak mai ƙaya a baya da nasa cikin kan kai shekara biyu. Dabbar da take haihuwa haka, in aka kashe uwa, an kashe garke. Ga mai kan guduma da yawo a ayari, 'ya'yansa kuma a ruwan gaɓa mara zurfi suke girma, daidai inda ake zuba raga.

Tun 2019 ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta sa shi cikin halittun da ke dab da ƙarewa. Binciken da mujallar Nature ta buga a 2021 ya nuna shak da danginsa na tsakiyar teku sun ragu da kashi 71 cikin ɗari tun 1970.

Gaɓar Ghana da Senegal na cikin wuraren da dillalan fiffike ke zuwa da kuɗi a hannu. Masunci da ya tarar da ƙananan masu kan guduma a ragarsa da rai, ya sake su. Jami'an kwastan kuma su riƙa kwance buhunan busasshen kifi suna dubawa, su nemi takardar izinin CITES, yarjejeniyar da ke kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, kafin kaya su bar tasha.