Kada A Ce Haƙori Ne

Iyaye mata, da ku nake, da ku maza masu cefane. Idan iskar hunturu ta fara kaɗawa a yi hattara, don a Afirka ta Yamma lokacin sanyi da bushewar iska ne amai da gudawa na yara ke yin tsanani. Ina roƙon ku ku karanta wannan kafin abin ya shigo gidajenku.

Bara, kwana biyu bayan walimar suna a gidan ƙanwata, mutum shida cikin tara suka kwanta da amai da gudawa, har da wani ƙaramin yaro. Ukun da suka rage ko ciwon kai ba su yi ba. Sai kakar yaran ta ce, "Ai kwano ɗaya aka ci, da cuta ce da kowa ya kamu. Manyan, maiƙo ne ya yi musu yawa, na yaron nan kuwa haƙori ne." Aka bar shi. Ranar da na je na tarar maɗigarsa ta faɗa, idanunsa sun zurma, yana kuka ba hawaye, tsummansa a bushe tun safe. Da ƙyar aka samu jijiyar ƙarin ruwa a asibiti. Allah ya yi yana da sauran kwana.

Hujjar kakar nan ita ce ke kashe yara, kuma likitoci sun gano dalilin da ya sa cuta ke kama wani ta tsallake wani. Alamomin rukunin jini, wato A da B da O, wasu ƙananan sinadarai ne dangin sukari, kuma ba a jini kaɗai suke ba. A yawancin mutane suna fitowa a yawu da majinar da ta lulluɓe cikin hanji. Su ƙwayar norobairos da ta rotabairos, masu haddasa amai da gudawa, ke kamawa, kamar yadda ƙarangiya ke maƙale wa zane, kafin su shiga jikin hanji. Wata ƙwayar gado mai suna FUT2 ce ke sa waɗannan alamomi su fito a hanji. Wanda ya gaji gurguwarta ta wajen uwa da uba, kamar mutum ɗaya cikin biyar a Turai, hanjinsa santsi yake yi wa ire-iren norobairos da dama. Ya ci abinci ɗaya da kowa, ya tashi garau, alhali cutar tana cikin kwanon.

Kada wannan ya sa wani ya bugi ƙirji. Irin norobairos da aka fara ganowa, wanda ya kwantar da ɗalibai a garin Norwalk na jihar Ohio a Amurka a 1968, ya fi kama masu rukunin O, amma danginsa kowa da irin alamar da yake so, har akwai masu kama mai santsin hanjin. Kuma bairos ɗin ba ya zama wuri ɗaya. Duk lokacin da yake kwafar kansa yana yin kurakurai, wasu kurakuran su sauya masa riga ta yadda garkuwar jiki ba za ta shaida shi ba. Nau'in da ake kira GII.4 ya fito da sabuwar kama a 2002, da 2004, da 2006, da 2009, sannan a Sidni ta Ostareliya a 2012, kowane karo yana zaga duniya. A 2014 wani nau'in, GII.17, ya taso a gabashin Asiya. Wanda ya yi bara zai iya yi bana, kuma har yau babu rigakafin norobairos.

Na rotabairos kuwa akwai, kuma wannan bairos ɗin ne ya fi ɗaukar jarirai. Wani bincike a Burkina Faso da aka buga a 2014 ya nuna nau'in P[6] ya fi kama yaran da ba su da wata alama irin waɗancan mai suna Lewis, rashin da ya fi yawa a Afirka bisa Turai, alhali rigakafin farko-farko a kan nau'in P[8] aka gina su. Ana ganin wannan na cikin dalilan da ƙarfinsu ke raguwa a wajenmu. Duk da haka gwajin da aka yi a Madarunfa ta jihar Maraɗi ya nuna rigakafin Rotasiil ya rage gudawa mai tsanani da kusan kashi biyu cikin uku. Najeriya ta sa ɗigon rotabairos cikin rigakafin yara a Agustan 2022, ana ba da shi a mako 6 da 10 da 14. Duba katin ɗanki yau, idan babu, ki kai shi.

Idan kuma ciwon ya riga ya shigo, ku ɗauki kowa a gidan a matsayin mai iya yaɗa shi, har wanda bai kwanta ba. Ƙwayoyi ƙalilan sun isa su kama mutum, kuma wanda ya warke yana ci gaba da fitar da su a bayan gida har mako biyu ko fiye. Man goge hannu mai barasa ba ya kashe norobairos sosai. Sabulu da ruwa ake so, bayan an wanke wa yaro, kafin a taɓa moɗa ko a sa hannu a kwano. A wanke fo da hannun buta da wurin da aka yi amai da ruwan bilic. Wadda ta kwanta kada ta koma madafa sai ta kwana biyu da warkewa. Kada a ruga kemis a sayo Flagyl, ba ya yi wa bairos komai.

A fara ba yaro ruwan gishiri da sukari tun gudawar farko, na leda idan akwai, in babu a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce. A ci gaba da ba shi nono, a haɗa da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14. Idan ya kasa sha, ko ya yi laƙwas, ko an ga jini, ko ya yini bai yi fitsari ba, a tafi asibiti a daren nan, kada a jira gari ya waye.