Tsakanin wurin aiki da jinyar iyaye: Yadda nauyin ya sauya a birnin Zariya

A unguwannin da ke cikin ganuwar Zariya, daga Kwarbai zuwa Ƙofar Doka, tsoho bai saba zama shi kaɗai ba. A babban gida yake, 'ya'ya da surukai da jikoki suna kewaye da shi. Yanzu neman abinci ya warwatsa su: wani yana aiki a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, wani yana rumfarsa a kasuwar Sabon Gari, wani kuma kullum yana kan hanyar Kaduna mai nisan kusan kilomita 80. Hidimar da jama'ar gida ke rabawa a da ta koma kan mutum ɗaya ko biyu, galibi mata.

Babbar matsalar ita ce lokaci. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta tanadi hutun shekara na aƙalla kwana 6 na aiki da hutun rashin lafiya har kwana 12, amma babu hutun jinyar iyaye. A Birtaniya kuwa, tun watan Afrilun 2024 ma'aikaci yana da damar ɗaukar mako guda a shekara, ba tare da albashi ba, domin kula da wanda ya dogara da shi. A nan, raka mahaifiya asibitin koyarwa na Shika ko asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan yakan cinye yini guda, wanda ma'aikaci zai roƙa a wurin shugabansa, ɗan kasuwa kuma ya rufe rumfa.

Sai kuma kuɗi. Inshorar lafiya ta ma'aikatan gwamnatin tarayya ta ƙunshi ma'aikaci da abokin aurensa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Iyaye ba sa ciki sai an yi musu rajista daban. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sanya tsofaffi cikin masu rauni da za a tallafa wa, don haka yana da kyau iyali su tuntuɓi hukumar KADCHMA ta jihar Kaduna.

Abin da ke hannun iyali shi ne tsari. 'Yan'uwa su zauna su raba ranakun kwana da na zuwa asibiti, na nesa su ɗauki kuɗin magani, a kuma rubuta sunayen magungunan hawan jini ko na ciwon suga da lokutan shansu a littafi ɗaya. Ita ma wadda ke zaune da tsohon a ware mata ranar hutu, domin idan ta kwanta ciwo, majinyata sun zama biyu.