Darasin Dogon Hutu A Zamfara: Wa Ke Biya, Kuma Da Me?

A ƙarshen watan Yuli na kowace shekara, da zarar an rufe makarantun sakandare domin dogon hutu, sai a ga alluna da takardun sanarwa sun bayyana a bangayen Tudun Wada da Sabon Garin Gusau, ana kiran ɗalibai zuwa darasin hutu. Waɗanda aka fi nufi su ne 'yan aji biyu na babbar sakandare masu shirin shiga ajin ƙarshe, da kuma waɗanda suka gama amma sakamakonsu bai kai su jami'a ba. Darussan su ne Turanci da lissafi da kimiyya, sa'an nan da koyon amsa tambaya a kan kwamfuta.

Wannan na ƙarshe shi ne ya mai da darasin hutu abin tilas. Tun daga shekarar 2015 Hukumar JAMB ta daina yin jarrabawarta da takarda da fensir. Ɗalibi zai zauna gaban kwamfuta ya amsa tambayoyi 180 cikin awa biyu, a darussa huɗu. Yaron da ya yi shekara shida a makarantar ƙauye bai taɓa ɗora yatsa a kan na'urar ba, ko da yana da ƙoƙari, wani kaso na lokacinsa zai tafi ne wajen neman inda zai danna. Haka kuma kafin a ɗauke shi sai ya sami kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi.

To, amma hutun ya faɗo ne a lokacin da hannun manomi ya fi bushewa. Watan Agusta tsakiyar damina ne: rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada a kasuwa, gero bai nuna ba, kuɗin da ke akwai an zuba shi a taki. Saurayi ɗan shekara goma sha bakwai kuwa hannu ne a gona. Idan ya tafi karatu na mako shida, uban zai biya kuɗin darasi, ya kuma biya ɗan ƙwadagon da zai maye gurbinsa. Wannan asara ta biyu ba ta fitowa a takardar sanarwar kowa, alhali ita ce sau da yawa ke yanke hukunci a zauren gida.

Nisa ma yana da nasa lissafin. Ɗan Gusau zai taka da ƙafa, ko ya hau Keke Napep. Ɗan Bunguɗu, da yake garinsu na kusa a kan hanyar Sakkwato, yana iya zuwa da safe ya koma da la'asar, sai dai tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota na kullum yana iya zarce kuɗin darasin kansa idan aka tara. Ɗan Tsafe kuwa, da ke can kan hanyar Funtuwa, iyayensa ba su yarda ya riƙa bin wannan hanya kullum saboda 'yan bindiga. Dole a nema masa masauki wajen kawu ko gwaggo a Gusau, a haɗa shi da ɗan abin da zai kai wa matar gida, don ba a tura baki gidan mutane hannu sake a irin wannan lokaci.

Ga 'ya mace, abin ya fi wuya. Bayan sace 'yan mata 279 a Jangebe a watan Fabrairun 2021, da kuma kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen haya a Sabon Gida, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, a watan Satumban 2023, uba kaɗan ne zai bar 'yarsa ta kwana a gidan da ba na dangi ba. Wadda ba ta da kowa a birni ta zauna ke nan.

Hanyoyin da iyaye ke bi sanannu ne. Uwa ta sayar da akuya ko tunkiya, ko ta roƙi uwar adashi a ba ta kwasar watan Yuli. Ma'aikaci ya ci bashi a ƙungiyar gama-kai ta ofis, a riƙa cirewa daga albashi. Wasu samari kan yi ƙwadago da safe su je darasi da yamma. A wasu unguwanni ɗaliban manyan makarantu da suka dawo hutu kan ari aji su koyar kyauta, kuma sun cancanci yabo. Illa dai aikin sa kai ba ya sayen kwamfuta, ba ya zuba mai a janareta.

Abin lura shi ne taimakon hukuma ya tsallake wannan gaɓa. Ana biya wa ɗaliban makarantun gwamnati kuɗin jarrabawar kammala sakandare, ko da yake an sha wuya a nan: a 2022 Hukumar WAEC ta bayyana cewa babu ɗalibin makarantar gwamnati ko ɗaya daga Zamfara da aka yi wa rajista, kuma sai bayan zuwan Gwamna Dauda Lawal a 2023 aka biya bashin da ya haura Naira biliyan ɗaya, aka kuma ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi. A can sama kuma akwai asusun bashin karatu na NELFUND da aka buɗe a 2024, wanda sai ɗalibi ya riga ya sami gurbi a babbar makaranta ake ba shi. Mai neman gurbin kuwa, ko a darasin hutu yake, ko a shirin share fage irin na IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, ko a makarantarta ta Funtuwa, nauyinsa yana wuyan ubansa, sai fa wanda ya yi sa'ar wani ya tsaya masa.

Ba a nan kaɗai matsalar take ba. A Amurka manyan jami'o'i irin su Harvard suna karɓar dubban daloli daga ɗaliban sakandare domin karatun 'yan makonni a lokacin hutu. Sai dai tun 1965 gwamnatin ƙasar ta soma wani shiri mai suna Upward Bound, inda ake kai 'ya'yan marasa ƙarfi harabar jami'a na kimanin mako shida, a koyar da su ba tare da sun biya ba.

Zamfara ba ta rasa wurin yin irin wannan ba. Akwai Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, akwai Kwalejin Ilmi ta Tarayya mai horar da mata a Gusau, ga kwalejin kimiyyar lafiya a Tsafe, ga kuma Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha wadda neman ilmin ɗan talaka bai fita daga huruminta ba. Azuzuwan sakandare kansu a kulle suke duk watan Agusta. Abin da ya rage shi ne a sa alawus na malamai da abincin rana da man janareta cikin kasafin Ma'aikatar Ilmi, a kuma buɗe cibiya a Tsafe da Bunguɗu, don kada yaro ya sake bin hanyar Gusau domin ya koyi danna kwamfuta.